Zazzaɓin Zomaye Uku

Talata, huɗu ga watan biyu

Zuwa ga Gajera,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da ba ya gaida mutane sai an tuna masa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Innarki da ke kukan tsohuwar ƙofa duk za ta miƙe, da idona na hagu da ya fara yi mini rowa. Na san a can Dakta ake ce miki. A nan Gajera kike, kuma a haka za ki tabbata.

Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. A waya kin fi ni baki, kafin in kai aya kin tsinke mini zance da "Kawu, tsaya ka ji." Takarda ba ta katse mutum. Rubutun kuwa ki yi haƙuri da shi, kin san a jikin katin kejin zomaye na koye shi, ba a aji ba.

Jiya Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera. Shekara talatin da ɗaya ina aiki a kamfanin maganin nan ba a taɓa ba ni kujera ba, tun daga nan na san ba alheri. Ya ce za a rufe ɗakin zomaye. Wai an samo sabuwar hanyar gane ko ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya yana ɗauke da dattin da ke sa zazzaɓi, ba sai an yi wa zomo allura ba. Wai ɗan farantin roba ne zai yi aikin. Na ce masa faranti yana rawar ɗari? Ya yi dariya. Sai ya ce ai ya ɗauka zan yi murna, tunda 'yar ƙanwata tana cikin masu wannan aikin a can inda take, har ya ga sunanki a wata takarda.

Gajera, a bakin Manaja ya kamata in ji wannan? Lokacin da mahaifiyarki ta rasu kina shekara huɗu, a ɗakin nan kike wuni, kina zaune kan buhun abincinsu kina tambayata me ya sa hancinsu ba ya hutawa. Ni na nuna miki yadda ake sa zomo a akwati wuyansa a waje, yadda ake murza kunne har jijiya ta fito, yadda ake auna zafin jikinsa duk rabin awa har awa uku a rubuta. Zomayen nan su suka kai ki makaranta. Yanzu an ci moriyar ganga.

Saura ashirin da bakwai a ɗakin. Na tambayi Manaja ina za a kai su, ya ce yadda aka saba. Kin san yadda aka saba, kuma kin san hannun wa ke riƙe su. Amma ya ce kafin a rufe za a gwada rukuni uku na ruwan ta hanya biyu, tsohuwa da sabuwa, in sun zo daidai shi ke nan. An kawo wata yarinya mai tabarau ita ke riƙe da farantin. Kullum sai ta russuna ta gaishe ni, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ki rubuto wa Manaja ki ce abin naku bai nuna ba tukuna. Ke za su ji maganarki. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ko rigar sanyin da kika aiko mini, wadda hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu, ban yi magana ba.

Ni ne,
Kawunki

*

Asabar, ashirin da biyu ga watan biyu

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki. Maigidan yana gaishe ka, kuma wannan karon ba ni na tuna masa ba. Idon nan ka kai shi asibiti, kada ka ce zai gaji ya daina.

Na yi laifi da ban gaya maka ba. Sau biyu ina fara maganar a waya, sai in ji muryarka in koma tambayar gwiwar Inna. Ban zaci kamfaninku zai ɗauki hanyar da wuri haka ba.

Gaskiyarka, faranti ba ya rawar ɗari. Amma zazzaɓi ba a fata yake farawa ba, a jini yake farawa. A jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu gadi. Da sun ji datti sai su yi kururuwa, kururuwar ce ke zama zazzaɓi. Mu muna ɗibar jini kaɗan daga mutanen da suka bayar da son ransu, mu zuba masu gadin a ramukan farantin, mu ɗiga ruwan a kansu. In sun yi kururuwa ramin yana canza launi, na'ura ta karanta. Ka ga ruwan da mutum za a sa wa, mutum muka tambaya, ba mu aiki zomo ya jiyo mana ba.

Ba zan rubuta wa Manaja ba, Kawu, domin ƙarya zan yi. Abin ya nuna, na ga ya nuna da idona. Batun ashirin da bakwai ɗin zan bincika ko akwai wata hanya, amma ban yi alkawari ba.

Ka taɓa ƙirga zomo nawa ka kwantar har abada da hannunka a shekarun nan? Ni saboda wannan na shiga aikin nan.

Rigar kuma laifin wa ne? Na tambaye ka awonka ka ce duk wadda aka kawo daidai ce.

Taka,
Gajera

*

Litinin, talatin ga watan uku

Gajera,

Muna lafiya. Ido yana nan inda yake, ban kai shi ko'ina ba.

Na ƙi amsawa ne ina jira in huce. Ban huce ba, amma yau ina da labari.

Kin tambaye ni nawa na kashe. Na gode. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ashe a wurinki ni ne duka biyun. To ki sani, duk jaririn da aka sa wa ruwan kamfanin nan ya tashi bai yi jijjiga ba, ta kunnen zomona ruwan ya fara bi. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu, ban kuma nema ba. Amma ban ɗauka 'yar da na yanke wa farce da hannun nan za ta zo tana ƙirga masa gawa ba.

Yanzu ga labarin. Rukuni na farko, faranti ya ce tsaf, zomaye suka ce tsaf. Na biyu ma haka. Yarinya mai tabarau har ta fara auna ɗakina da ido, na ji tana gaya wa mai gyaran wuta inda za a sa firji. Kejin da babu kowa a ciki aka fara kwance su ana jibgewa a bayan ɗaki.

Ranar Alhamis aka zo na uku. Na sa Malalaci da Ɓarauniya da Baƙin Hanci a akwati. Na san doka ta ce lamba gare su ba suna ba, doka ba ita ke share musu kashi ba. Faranti ya ce tsaf. Su kuwa duka ukun zafinsu ya hau, kowanne ya haura rabin digiri. Ni na auna, ni na rubuta.

Manaja da kansa ya sauko, mutumin da ban taɓa ganin takalminsa a ɗakin nan ba. An kulle kwali ɗari huɗu na ruwan a sito, an buga musu jan tambari, za a zubar. Yarinyar ta sake gwada farantinta har sau biyu, ya nace wai tsaf. Manaja ya ce mata ba zai sayar da abin da ya sa zomo zazzaɓi ba ko da faranti ya rantse. An ɗage rufe ɗaki shekara guda, an aika a kawo sababbin zomaye sittin. Ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito tana goge tabarau.

Ki gaya wa masu manyan takardun da kuke aiki tare, zomo ba bawan giwa ba ne, dajinsu ɗaya.

Innarki ta ce in ce tana gaishe ki. Na ce.

Kawunki

*

Lahadi, goma sha biyu ga watan huɗu

Kawuna,

Ina gaishe ka da Inna. Ka yafe mini tambayar nan, na yi ta a gajarce ta fito da kaifi. Ba gawa nake ƙirga maka ba. Ina tuna ranakun da kake dawowa gida ka wanke hannu sau uku, ka ce wa Inna ka ƙoshi, ka zauna a bakin ƙofa. Ina yarinya amma na san wace rana ce. Abin da nake so shi ne a daina sa ka wannan aikin, kai da duk wani irinka.

Batun rukuni na uku kuwa, in farantin ya yi kuskure, na fi kowa son in sani, domin rai ne a ciki. Zan kai maganar gaban shugabanmu, a dakatar da abin da ya kamata a dakatar. Amma kafin nan ka amsa mini tambayoyin da kai kake yi wa duk sabon ma'aikaci in zomo ya yi zafi. Ƙofa a rufe take? Na'urar sanyi tana aiki? An yi hayaniya? Sun ci wani abu a cikin awa ukun? An fitar da su daga akwati? Wa ke ɗakin?

Duk abin da ka rubuto shi zan kai, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ban san mutumin da lambarsa ta fi taka gaskiya ba.

Taka,
Gajera

*

Laraba, ashirin ga watan biyar

Kawu,

Mako biyar ke nan shiru. Na kira, Inna ta ɗauka, ina jin ka a gefe kana cewa a ce ba ka nan. Ta ce ka rame, ka daina yi wa rediyo gardama, har tela maƙwabcinku ya shigo tambaya ko lafiya don bai ji ka zage shi ba kwana biyu.

In fushi kake da ni, ka yi a takarda in gani. In ciwo ne, ka faɗa in nemi hutu in taho. Ban kai maganar ko'ina ba tukuna, kai nake jira.

Gajera

*

Juma'a, biyar ga watan shida

Gajera,

Lafiyata lau, kada ki ɗauki hutu. Innarki bakinta ba ya riƙe ruwa.

Tambaya shida kika yi. Tun kina kan buhu tambayarki ba ta da tausayi. Ga amsa.

Ranar Alhamis ɗin, bayan an yi musu allura, yarinya mai tabarau ta tafi wajen farantinta, aka bar ni ni kaɗai kamar kullum. Na duba su ukun, wuya a rami, ido a bango. Na san in wannan ya zo daidai, nan da mako biyu ni zan riƙe su a yi musu ta ƙarshe. Kin san ƙofar baya, wadda ba a buɗewa don kada sanyin ɗakin ya canza. Sai na tuna Malalaci a ɗakin nan aka haife shi, bai taɓa ganin rana ba sai ta ƙwan lantarki. Na ce to ko sau ɗaya ne. Na buɗe. Rana ta faɗo har kan teburin, zafi ya shigo, masu kwance keji suna ta buga ƙarfe a waje. Ina da ganyen karas a aljihu, na ba su. Ɓarauniya ta yi ta fizge-fizge, na fito da ita na rungume ta kaɗan. Minti ashirin ne ko fiye, ban duba ba. Na rufe, na share ganyen, na auna.

Da na ga lambar ta hau, na san dalili. Ni da na kori mutum biyu daga ɗakin nan saboda tari da ƙarfi. Amma sai na ce wa kaina ai lambar gaskiya ce, abin da ma'auni ya nuna na rubuta. Ba wanda ya tambaye ni ƙofa, ni kuma ban ce ƙofa ba.

Na samu abin da nake so, Gajera, sai ya tsaya mini a wuya. Kullum in wuce sito in ga jan tambari. Direban da ke kai kaya asibitoci ya ce mini a wani ƙaramin asibiti ruwa ya yanke musu, sai da suka aika nesa. Yarinyar kuma aka ce za a mayar da ita inda ta fito, amma ba ta fasa russuna mini ba. Sannan sababbin kejin sittin suka iso, na tsaya ina kallonsu, na ga sittin ɗin da zan riƙe wata rana don in tsirar da ashirin da bakwai na shekara guda. Ban yi makaranta ba amma wannan lissafin na iya shi.

Shekaranjiya na hau ofis. Wannan karon ba a ba ni kujera ba. Na faɗa masa komai a tsaye. Da na gama ya ce, "Baba, ka san kwana nawa ruwan nan ya yi a kulle?"

Na ce, "Na sani, ni ma tare aka kulle mu."

Ya ce zai sa mini takardar gargaɗi a fayil. Shekara talatin da ɗaya fayil ɗina ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Na ce ya sa, amma ya rubuta da manyan baƙi don idona.

Daga nan na je na sami yarinyar. Na ce mata farantinta bai yi ƙarya ba, ni na yi. Ta cire tabarau ta dube ni, na ɗauka za ta wanke ni tas, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Sai ta tambaye ni ko Malalaci ya ji daɗin ranar. Na ce ya lumshe ido.

Jiya aka sake gwajin da wasu zomaye uku, ƙofa a rufe, ita tana zaune kusa da ni. Ba wanda ya yi zafi. An cire jan tambari, an soke zomaye sittin. Ƙarshen wata za a rufe ɗakin, ni kuma in ajiye aiki. Batun ashirin da bakwai ban da bakin tambaya yanzu.

Kada ki rubuto ki ce kina alfahari da ni. In kika yi, ba zan amsa ba.

Kawunki

*

Asabar, goma sha uku ga watan shida

Kawuna,

To ban ce ba.

Ga takarda na haɗo a ciki. A wurinmu, dabbar da ba a sa mata komai ba sai ruwa mai tsabta, in likitan dabbobi ya duba ta ya sa hannu, ana iya ba wa mai riƙo. Ban san ko Manaja zai yarda ba. Kada ka kai masa da kanka, ka ba abokiyar aikinka mai tabarau. Ka tambayi Inna kafin ka yi mata baƙi ashirin da bakwai.

Ka ci abinci.

Gajera

*

Alhamis, ashirin da uku ga watan bakwai

Zuwa ga Gajera,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. An duba idon, an ba ni tabarau. Yanzu duk wanda na raina sai in ga na zama shi. Ki gaida maigidan, ki ce ni na fara.

Manaja ya ƙi da farko, ya ce ba zai yi wa mai laifi kyauta ba. Yarinyar ta yi ta hawa ofis da takardarki har kwana huɗu, ta ce masa ba ni za a yi wa kyautar ba. A na biyar ya sa hannu don ya huta. Likitan dabbobi ya duba su ɗaya ɗaya, ya wuce goma sha tara. Takwas sun tsufa, ƙafafunsu sun yi gyambo saboda wayar ƙasan keji, ya ce barin su zalunci ne. Baƙin Hanci yana cikinsu. An ce wani ya riƙe su, na ce a'a. Ba za su tafi a hannun baƙo ba. Na riƙe su, na wanke hannu, na ba da makulli. Ban juya na kalli ɗakin ba, don an riga an sa firji a inda buhunki yake.

Innarki ta ce ko ita ko su a tsakar gida, don haka na kewaye musu bayan ɗaki da waya, wajen bishiyar lemo. Ranar farko na ajiye su a ƙasa, ba wanda ya motsa. Suna ɗaga ƙafa suna dubawa kamar an ɗora su kan wuta. Sai da rana ta yi sanyi Ɓarauniya ta yi wani tsalle ta murɗe a sama, ta faɗo ta tsorata da kanta.

Yanzu ki ji abin kunya. Kwana uku da zuwansu na fito ba su cika ba, na ƙirga goma sha shida. Na zagi karen unguwa, na zagi tela. Ashe rami suka haƙa. Gajera, na san zomo na daji yana rami, kowa ya sani. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa nawa ma sun iya ba. Wa ya koya musu? Uwarsu a kan waya ta haife su, kakarsu ma haka. Shekara talatin da ɗaya ina bugun ƙirji na san zomo, na san zafinsa, na san jijiyarsa, na san kashinsa in ba shi da lafiya. Ban san abin da yake so ya yi da ƙafafunsa ba.

Ramin ya bi ta ƙarƙashin katanga ya ɓulla cikin shukar fulawar tela. Ya zo yana kumfar baki, na ce ya kai ƙara wajen Malalaci, shi ne shugaban aikin. Wanda ya shekara uku ko juyawa ba ya son yi, yanzu shi ke gaba, ƙasa har kunne. Dole in sake masa suna.

Farantinku har yanzu ban yarda da shi duka ba. Na gaya wa yarinyar in ya taɓa yin ƙarya ta zo ta faɗa mini da bakinta, ta ce ta ji. Takardar gargaɗin kuma ba laifina ba ne ni kaɗai, wanda ya yi wa ɗakin ƙofar baya shi ma yana da nasa.

In kin samu hutu ki zo ki gani. Ki zo da takalmin da ba kya so, don duk inda kika taka rami ne. Ina da tambayoyi a kansu da yawa, ban san wa zan yi wa ba, ke ce kika yi karatu.

Ni ne,
Kawunki